Sabon kokatil a gida: ya ƙi ci, yana yi mana huci

Maman Walid, Agege
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu kiwon tsuntsaye. Abban Walid ya shigo mana da kokatil, ƙaramin akun nan mai tukku da ɗigon ruwan lemo a kumatu, saboda yaron ya daɗe yana naci. Mai sayarwa ya ce ɗan wata huɗu ne. Tun da ya shigo bai sauko daga sandar sama ba, geron da muka zuba masa yana nan kamar ba a taɓa ba. In ka matso kusa da kejin sai ya kwantar da tukkun, ya buɗe baki yana huci yana rangaji. Walid ya sa hannu zai shafa shi, ya gantsara masa cizo. Yanzu yaro na kuka, babansa na cewa an cuce shi a mayar. Ni kuma wallahi tausayin tsuntsun nake ji. Ya zan yi?

Baba Mai Tattabaru, Alaba Rago
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ku mayar, ba wanda ya cuce ku. Baƙunta ce. Na tsufa cikin kiwon tattabaru, duk tsuntsun da ya sauya gida haka yake yi. Ki sa maigida ya kama shi da tsumma ya rage masa gashin fiffike, sannan ki ɗauke kwanon abinci tun safe. Da yamma ki miƙa masa gero a tafin hannunki. Yunwa za ta sauko da shi.

Anti Mai Aku, Surulere
Baba, Allah ya ƙara girma. A kan kada a mayar da shi muna tare. Amma batun yunwa da kamu da tsumma, ku yi mini afuwa, ban yarda ba. Tattabara ta ninka kokatil sau uku ko huɗu a nauyi. Shi gaba ɗayansa giram 90 ne zuwa 100, ba shi da ajiya a jiki, kuma ga shi dama a tsorace yake bai ci ya ƙoshi ba. A ƙara masa da yunwa, ana iya wayar gari a tsince shi a ƙasan keji. Sannan abin da ake nema daban ne. Ita tattabara so ake ta san gida ta dawo. Shi wannan so ake ya yarda da hannun mutum, kuma dangin aku ba sa manta hannun da ya danne su.

Maman Walid, kafin komai ki ɗauko kwanon geron ki busa shi a hankali. Ki gaya mini abin da kika gani.

Maman Walid
Anti na busa! Ƙaiƙayi ne ya tashi, rabin kwanon duk ɓawo ne.

Anti Mai Aku
Alhamdulillah, to yana ci, in kun kau da ido yake saukowa. Kokatil ɓare ƙwaya yake yi ya bar ɓawon a kwano, shi ya sa kwanon kullum yake kamar a cike. Ki riƙe wannan, domin akwai masu barin tsuntsu da yunwa suna ganin kwano cike alhali ɓawo ne zalla. Ki shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin ki riƙa canzawa kullum. Kashinsa ne zai gaya miki gaskiya: kore mai duhu da ɗan fari a jiki, lafiya ke nan.

Yanzu ki jingina kejin da bango, ki ɗora shi a kan tebur daidai ƙirjinki, kada ki ajiye a ƙasa, kada kuma a tsakar ɗaki inda ake zagaye shi ta ko'ina. Ki rufe bayan da gefe ɗaya da zani. Sai ku ƙyale shi kwana uku ko huɗu, iyakarku da shi canza ruwa da abinci. Amarya ma in an kai ta ba a ranar take sakin jiki da dangin miji ba. Ki zauna kusa da shi kina tsintar shinkafa ko kina karatunki, ki ba shi gefenki, kada ki ƙura masa ido. A wurinsa mai ƙura ido mafarauci ne. Walid kuma a ba shi aiki: kullum in ya dawo makaranta ya zauna nesa kaɗan ya karanta masa haddarsa da murya ƙasa-ƙasa. Hannu kuwa a aljihu.

Ɗan Mile 12
Hajiya in gero ne matsalar ki zo kasuwa, ko ki aiko. Zangarniya za ki nema ba sussukakke ba. Tsuntsu in ya ga zangarniya ba ya iya haƙuri.

Anti Mai Aku
Yawwa ƙanina, ka kawo babban makami. Zangarniyar ita ce hanyar gaba ɗaya, amma ba a rataya masa ita ya yi ta ci. Abincinsa na kwano yana nan kullum, ba a ɗaukewa. Zangarniya kuwa daga hannu kaɗai take fitowa.

Da farko ki zura ta ta tsakanin wayoyin kejin kina riƙe da can ƙarshenta, hannunki ba ya motsi. Zai dube ta, ya dube ki, ya matsa, ya dawo. Wata rana sai ya ɗan tsattsaga. In ya saba da haka sai ki buɗe ƙofa ki shigar da ita ciki. Kullum kina rage tsawonta, har ya zamana sai ya miƙo wuya ta saman yatsanki kafin ya kai ga geron. Ranar da ya ɗora ƙafa ɗaya don ya kai, kin gama mai wuyar. Daga nan ki riƙa kai yatsa a kwance daidai ƙasan ƙirjinsa, saman ƙafafu kaɗan, ki faɗi kalma ɗaya kullum, ni "hau" nake cewa. Minti goma ya isa, safe da yamma. Ki tashi tun yana marmari.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mutane aiki: kafin ya hau, zai fara taɓa yatsan da baki don ya ji ko zai ɗauke shi. Ba cizo ba ne, bakin nan ƙafarsa ta uku ce. In kika fizge hannu, kin koya masa cewa yatsa ba abin yarda ba ne.

Kuma ki karanci tukkun. In ya miƙe tsaye cak, ya firgita ko wani abu ya ja hankalinsa. In ya ɗan kwanta baya gashin kumatu ya yi buzu-buzu, hankalinsa a kwance yake. In ya manne da kai ga huci, cewa yake a ja baya, kuma a ja ɗin. Walid an gaya masa, shi ne bai ji yaren ba.

Baba Mai Tattabaru
Na ji batun yunwa, tunda ƙaramin jiki gare shi na janye. Amma fiffike ina nan a kan bakana. Wane gida ne a Legas ba fanka a sama? Wane gida ne yara ba sa barin ƙofa a buɗe? Na ga tsuntsun da fanka ta sara, ba abin kallo ba ne. Na ga wanda ya fita ta taga mai shi ya bi lungu-lungu yana kira. Gara a rage gashi yana raye da a bar masa ado ya halaka.

Dokta, likitan dabbobi, Ikeja
Baba, tsoronku a kan hanya yake, fanka da buɗaɗɗiyar taga suna cikin abubuwan da suka fi kawo mana irin waɗannan tsuntsaye. Sai dai ina da gyara uku. Na ɗaya, ba yanzu ba. Tsuntsun da bai san gida ba, a kama shi a yanke shi, an mayar da aikin Anti baya. Na biyu, ɗan wata huɗu yana bukatar ya iya tashi da sauka sosai, ƙirjinsa ya yi ƙarfi. Na uku, in ma za a rage, dogayen gashin bakin fiffike kaɗan ake datsewa, kuma duka ɓangarorin biyu daidai da juna, don ya sauko a hankali maimakon ya faɗo. Yanke ɓangare ɗaya yana sa ya wuntsila ya bugu. Fige gashi kuwa azaba ce, ba a yi. Akwai kuma sabon gashi mai jini a cikin kararsa, in almakashi ya same shi jinin da zai zuba yana da yawa a jiki irin nasa. Wanda bai taɓa yi ba kada ya koya a kan tsuntsunsa.

Ku sani kuma ko an rage, kokatil ba shi da nauyi, iska mai ƙarfi tana iya ɗaukar sa ya haye rufin maƙwabta. Don haka dokar ba ta canzawa: a kashe fanka, a rufe ƙofa da taga, a sauke labule a kan gilashi da madubi, sannan a buɗe keji.

Baba Mai Tattabaru
Dokta, doka a baki tana da sauƙi. Gidan da yara huɗu suke shige da fice fa?

Maman Walid
Baba mu yara biyu gare mu, kuma ɗakin baccinmu yana da sakata. Ina ga a can zan riƙa fito da shi in lokaci ya yi.

Baba Mai Tattabaru
To Allah ya tsare. Ni dai da nawa ne da na rage.

Dokta
Maman Walid, akwai abin da ya fi cizo da fiffike damuna, shi ne iskar gidanki. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu yana da jakunkunan iska a cikin jiki, iska tana ratsa huhun ta hanya ɗaya ba tsayawa, shi ya sa yake zuƙe duk abin da ke cikinta fiye da mu. Dalilin da ya sa masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari ke nan har zuwa 1986: in akwai iska mai guba a ramin, tsuntsun yana faɗuwa kafin mutum ya ji komai.

A gidajenmu na nan ga abin da nake tsoro. Maganin sauro na kunnawa da na fesawa, balle otapiyapiya. Hayaƙin janareta, musamman inda ake kunna shi a baranda ko bakin taga. Kaskon suya mai baƙin shafin Teflon, wanda abinci ba ya kamawa: in aka bar shi a wuta ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ba kya gani, kuma yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Saboda haka keji ba ya zama a kicin ko kusa da shi. Sai turaren wuta.

Hajiya Mai Turare, Obalende
A'a Dokta, tsaya. Turaren wuta kuma? Mahaifiyata ta yi shekaru da akunta a Maiduguri, kullum kaskon turare yana ci safe da dare, ba abin da ya same shi. Yanzu saboda tsuntsu sai mace ta bar gidanta ba ƙamshi?

Dokta
Hajiya ba na ce a daina ba. Ina tambaya: akun Mama a ina kejinsa yake?

Hajiya Mai Turare
A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa.

Dokta
To kin gani. Babban aku ne mai nauyin kusan rabin kilo, yana fili iska na kaɗawa. Wannan kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba, yana ciki da falo a Agege, taga a rufe saboda sauro, hayaƙi ba inda zai fita. Ta yi turarenta, amma ta fara kai kejin wani ɗaki ta rufe, sai hayaƙi ya washe an buɗe taga iska ta ratsa sannan ta dawo da shi. In fesa maganin sauro aka yi kuwa, awanni zai yi a waje, kuma a fitar da kwanukansa tare da shi.

Hajiya Mai Turare
Wannan kam mai yiwuwa ne. Humra fa da turaren jiki?

Dokta
Kada dai a fesa a kusa da shi, kuma a wanke hannu kafin a ɗauke shi.

Ɗalibi, Yaba
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Duk wannan wahala ta mece ce? Allah ya halicci tsuntsu da fiffike don ya tashi. Ni a ganina ku buɗe masa ya tafi, shi ne tausayi na gaskiya.

Anti Mai Aku
Ya tafi ina, ɗana? Asalin kokatil Ostireliya ne, can cikin busasshen daji inda suke yawo garke-garke suna bin ruwa da 'ya'yan ciyawa. Wannan kuwa shi da iyayensa da kakanninsa duk a keji aka ƙyanƙyashe su. Bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, bai san hankaka ba, ba ɗan uwansa ko ɗaya a sararin Legas. Sakin sa kisa ne. In kana neman inda za ka sa tausayinka, ka sa shi a kan babban akunmu mai toka da jan wutsiya, wanda ake kamowa daga daji. Shi ne yawansa ya ragu har taron CITES na 2016, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ya hana cinikin na dajinsa tsakanin ƙasashe. Wanda ya sayi kokatil bai raba kowa da daji ba.

Malam, Idi-Araba
Bari in ƙara ta fuskar addini, tunda an taɓo tausayi. Ya tabbata a hadisi cewa ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san da shi, har yana tambayar yaron labarinsa. Daga nan malamai suka fahimci halascin ajiye tsuntsu. Amma ya tabbata kuma cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Saboda haka wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauki ci da sha da lafiyar abin da ke ciki a wuyansa. Maman Walid, ki gaya wa maigida wannan, domin yaro ba a ɗora masa amana shi kaɗai.

Anti Mai Aku
Allah ya saka, Malam. Kuma amanar doguwa ce: kokatil yana kai shekara 15 zuwa 20 in ya samu kulawa. Walid zai iya gama jami'a tsuntsun nan yana nan.

Maman Walid
Ikon Allah. Ni na ɗauka shekara biyu ko uku ne. To abinci fa, gero kaɗai ya isa?

Dokta
Bai isa ba. Tsuntsun da aka riƙe da ƙwaya zalla yakan yi ƙiba, hanta ta yi kitse, ya rasa bitamin A. Irin furen sanfulawa ya fi komai kawo wannan saboda mai, ga shi suna son sa, don haka 'yan ƙwayoyi kaɗan a matsayin tukuici. Ki haɗa masa da karas da aka goga, ganyen zogale, ugu, tattasai, ɗan masara ɗanya, wani lokaci dafaffen ƙwai kaɗan. In kin samu abincin aku na kanti da aka sarrafa ƙanana-ƙanana, ki riƙa gauraya masa a hankali. Farkon gani zai ƙi, kada ki gaji. Ki rataya ganyen a jiƙe a jikin keji, da wasa yake fara ci. A sa masa farin ƙashin kifin nan da masu kayan tsuntsaye ke sayarwa, saboda sinadarin kalsiyam.

Waɗanda ba ya ci ko kaɗan: piya (wato avokado), cakulan, albasa, tafarnuwa, shayi, kofi, goro, da duk abin da aka sa wa gishiri ko magi. Ki ja wa baƙi kunne, akwai mai tauna goro ya miƙa wa tsuntsu don sha'awa.

Ɗan Mile 12
Ni ma bari in faɗi abin da na sani a sana'ata. Hatsi a Legas ba ya jure ajiya kamar a Arewa, laima ta yi yawa, musamman Yuni da Yuli. Kada ki sayi tiya guda don tsuntsu ɗaya, ki sayi kaɗan, ki shanya, ki zuba a roba mai murfi. In kin ji warin fumfuna ki zubar. Kuma ki tambayi mai sayarwa ko an sa wa buhun maganin ƙwari, don wasu suna sawa a ma'ajiya. Sabon gero da ke shigowa bayan kaka ya fi kwanciyar hankali.

Dokta
Gaskiya ka faɗa. Gyaɗa ma saboda fumfunar nan nake cewa a bar ta. Danyen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a keji da zafin nan, kada ya kwana, yana jawo ɓera da kyankyaso.

Maman Walid
Wani abu ya faru jiya da dare. An ɗauke wuta, maƙwabta suka tayar da janareta, sai muka ji yana ta bugun keji kamar zai karye. Da na haska na ga gashi biyu a ƙasa, yana haki.

Anti Mai Aku
Firgitar dare ce, kokatil ya yi suna da ita. Ba ya gani sosai a duhu, in ƙara ko inuwa ko ɓera ya razana shi sai ya tashi sama ya yi ta dukan waya. Ki samu ƙaramar fitila mai caji mara haske sosai ki bar ta kusa da kejin duk dare, kuma kada ki lulluɓe shi ruf, ki bar gaba a buɗe. In ya sake, ki kunna haske ki yi masa magana a hankali, kada ki sa hannu. In ya natsu ki duba fiffike ko akwai jini. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12, don haka falo mai talabijin har sha biyun dare ba wurin kwanansa ba ne. In kika ji yana goga baki ƙasa-ƙasa kafin barci, kada ki tsorata, alamar jin daɗi ce.

Dokta
In akwai jinin da ya ƙi tsayawa, ki danna garin masara ko fulawa a wurin ki nemi likita. Haka in kin ga ya kumbura gashi yana zaune a ƙasan keji, ko wutsiya na motsi sama da ƙasa tare da numfashi, ko hanci na ruwa. Tsuntsu yana ɓoye ciwo, ranar da kika gani ya riga ya yi nisa, ba a jira gobe. Don Allah kada a jiƙa masa kafso ko maganin kaji a ruwa.

Hajiya Mai Turare
Wai namiji ne ko mace? Kuma zai yi magana?

Anti Mai Aku
In mai toka ne na asali, sai ya yi zubar gashin farko, wajen wata shida zuwa tara. Namiji fuskarsa takan koma rawaya sosai, mace ta zauna da toka-toka da ratsi a ƙarƙashin wutsiya. Masu fari da rawaya sun fi wuyar ganewa da ido. Namiji ne mai fito da kwaikwayon sauti, yana iya kama kalma ɗaya ko biyu amma ba ta fita tar kamar ta babban aku. Mace ta fi shiru. In mace ce a kula, tana iya yin ƙwai ko ba namiji, kuma shafa bayanta yana ƙara tunzura hakan. Shafa a kai da wuya kaɗai, ko wanne ne.

Maman Walid
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura tambaya ɗaya. Da Babbar Sallah Kano muke tafiya gaba ɗaya, mukan yi mako biyu. Mu tafi da shi?

Baba Mai Tattabaru
Kada ki soma. Tafiyar yini da kwana a mota, zafi da hayaƙi da girgiza, ko tattabara tana jin jiki.

Anti Mai Aku
A nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya. Ki fara neman wanda zai riƙe shi tun yanzu, mutum babba ba yaro ba, gidan da ba kyanwa, ya riƙa zuwa yana zama kusa da kejin don su san juna. Ki kai shi da kejinsa da abincin da ya saba da fitilarsa, ki rubuta abubuwan da Dokta ya hana ki manna a jikin kejin. In ba ki samu kowa a Agege ba ki yi mini magana, ina da ɗakin da zan ware shi daga nawa.